Gyambo a Ƙarƙashin Sirdi

Dakoro, daren Juma'a, watan Safar

Yau Kawu bai kira ni cin tuwo ba. Da safe ya ɗaura wa raƙuminsa sirdi don ya rufe gyambon da ke bayansa, ya ce in kai shi kasuwa, kada in kwance. Mai sayen mutumin Korahane ne, kumandan Nasara ya tilasta mashi kai kaya Tawa. In raƙumin ya faɗi a hanya, shi za a ɗaure. Mai sayen ya ce mani, "Ɗana, lafiyarsa lau?" Sai na kwance sirdin, ya ga gyambon.

Da na dawo da raƙumin, Kawu ya ce, "Ni na rene ka, ko shi?" Amma ko gobe aka sake tambayata, sai na kwance sirdin.