Sunan da Baba Ya Rera

Asata, Inugu
Ranar Asabar

Zuwa ga 'yata Ikram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da babanki da mamanki da ƙannenki. Yaya karatu, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau, sai jikin kakanki, wanda zan zo kansa.

Na ga hoton da kika turo mini ta waya. Na zaɓi in amsa miki a takarda, in ba direban da ke kai kaya kasuwar Mile 3, domin magana irin wannan ba ta son gaggawa. Kin dai san halin malamar makaranta.

E, shi ne. Wannan siririn saurayi mai tulin gashi da wando mai faɗin ƙafa, rungume da jita, shi ne Alhaji Auta da kika sani da carbi a layin mahauta na Anacha. Bayan yaƙin basasa, da mutanenmu suka fara komowa kudu, shi da wasu samarin Ibo uku suka kafa ƙungiyar kiɗan rok. Sunansu na Turanci yana jikin faifan, amma mutanenmu 'Yan Bakin Gada suke ce musu, don a wani otal kusa da gada suke wasa. Abokan karatunki ba su yi miki ƙarya ba, sun yi tashe. Da suka rabu, kowa ya yi faifansa shi kaɗai. Kin tambaye ni ta ina za ki fara, tun da yanzu an zuba su duka a intanet. Wallahi na ji daɗin tambayar nan, har na karanta wa maigidana ita.

Ki fara da Nduka mai ganga. Nasa ba ya neman komai a wurinki sai ƙafa. Ki saka shi kina shara ko wanke-wanke, kunnenki zai saba da zamanin ba tare da kin sani ba. Yana nan da ransa kusa da kasuwar Ogbete, jikarsa ɗalibata ce, kuma a gidansa na fara jin faya-fayan nan duka. Daga shi sai Obiora mawaƙi. Faifansa na farko ne mai kyau. Ki kasa kunne, za ki ji yana barin gurbi bayan kowane baiti, inda jitar kakanki ta saba amsa masa, kamar mai sallama a gidan da mutanensa suka tashi. Na Chikezie mai piyano kuwa sai da haƙuri, yakan ja waƙa ɗaya har tuwo ya huce. Ki ajiye shi sai ranar da ba ki da jarrabawa.

Na kakanki guda ɗaya ne tak, shi za ki bari ƙarshe. Ki ji shi ke kaɗai. A cikinsa akwai waƙar da ya yi da Hausa lokacin da aka haifi babanki. Jita ce a hankali, sai muryarsa tana kiran Lawal, Lawal, kamar yadda ake kiran yaro ya shigo gida da almuru.

Ke haihuwar Fatakwal ce, wataƙila ba za ki ga abin mamaki a nan ba. A wurin mutanenmu na da, uba ba ya kama sunan ɗansa na fari. Ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. To shi Baba a faifai ya kama sunan, aka riƙa sa shi a shaguna a Main Market. Mahaifinsa, wanda shi ne sarkin fawa a lokacin, ya sa aka bi shaguna aka tattaro na tattarowa aka farfasa. Daga nan Baba ya ajiye jita ya ɗauki wuƙar fawa, kuma ba a sake ambaton kiɗa a gidanmu ba. Sai ya riƙe kunyar nan fiye da kowa. Tun babanki yana ƙarami aka ba da shi riƙo wurin baffanmu a Fatakwal. Ni ana goya ni a kafaɗa, shi kuwa sai dai a ce wancan, ko yaron nan.

Yaya, wato babanki, ya tashi cikin yaran da iyayensu ke rungumarsu a ƙofar makaranta, saboda haka bai taɓa karɓar wannan bayani ba. Kin tuna lokacin da ya yi hatsarin okada? Baba ya zo har asibiti, ya wuni a gindin bishiya yana tare duk nas ɗin da ta fito yana tambayarta, amma bai shiga ɗakin ba. Tun daga ranar babanki bai sake taka Anacha ba. Kuma bai san da waƙar nan ba.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. Ƙodar Baba ta gaza, ƙafafunsa sun kumbura, likita ya ce mu yi ta addu'a. Na kira Yaya, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya kashe waya. Ina tsoron a rabu a haka. Ina so in zo da kaina in zaunar da shi ya ji waƙar, mu biyu a ɗaki. Kafin nan, don Allah kada ki nuna masa.

Ki gaida mamanki. Ki rubuto mini yadda kika ji gangar Nduka.

Taki gwaggo mai ƙaunarki,
Halimatussa'adiya


Anacha
Ranar Alhamis

'Yata Ikram,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, kuma kukan ya tsaya haka. Mamanki ta ce ba ki fita ko lacca ba. Ki tashi ki wanke fuska ki tafi makaranta, zaman ɗaki ba zai gyara komai ba.

Na ɗauki hutu a wurin aiki, ina gidan Baba. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya iso nan kafin ni.

Na san abin da ya sa kika yi. Kin ji waƙar, zuciyarki ta cika, kika ga babu dalilin da zai sa mutum ya ƙara kwana bai san ubansa yana sonsa ba. A cikin ƙawayenki, in ana so a faranta wa mutum, a gaban jama'a ake yi, a ɗauki bidiyo. Shi ya sa kika je Mile 3 da rana tsaka, kika haɗa wayarki da lasifikar mai sayar da caja, kika ce wa layin 'yan albasa duka su saurara, kina ɗaukar bidiyo. Niyyarki kyakkyawa ce. Amma Ikram, babanki dattijo ne a layin nan, shi ake kai wa ƙara in an yi rigima. An ce da muryar ta fara kiran sunansa, dattawa suka sunkuyar da kai, wani ya tashi ya bar wurin yana salati. Yaran da ke sauke buhuna kuwa suka ɗauka da tafi, suna cewa, “Oga Lawal, your papa sabi sing o!” Har yau in ya wuce sai wani ya rera sunan ƙasa-ƙasa. Wani abokin wasansa, mamanki ta ce, ya tare shi a masallaci ya ce, “Ɗan lelen Baba, a kawo maka madara ko ka sha a gida?”

Direbobin shanu suka kawo labarin Anacha. Tsofaffin mahauta da ke zuwa duba Baba ba su ce komai kai tsaye ba, kin san su. An gaisa, an tambayi jiki, an yi addu'a. Sai da za su tashi ɗaya ya ce, “Alhaji, ashe abin da aka binne yana tsirowa.” Shi ke nan. Tun daga lokacin Baba ya juya fuska bango. Kunun da yake ɗan sha ya daina karɓa. Na roƙe shi, na yi masa wasan da nake masa tun ina yarinya, ya ce in ƙyale shi. Mutumin da ya yi shekaru yana gina mutuncinsa a layin nan, yau yana ganin an mayar da shi saurayi mai jita, kuma a kan gadon ciwo.

Babanki ya kira ni. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na ɗauka faɗan tozarcin kasuwa zai yi, ya kuwa yi, amma ba shi ne ya fi cinsa ba. Cewa ya yi, “Sadiya, mutumin da ya iya faɗa wa duk Anacha, me ya hana shi faɗa mini? Ina gabansa shekara da shekaru.” Na ce masa Baba ya daina cin abinci, sai ya ce shi ba likita ba ne.

Da ina da shirin yadda zan bi da shi a hankali. Yanzu ban san ta inda zan kama ba. Ban faɗa miki haka don in ƙara miki nauyi ba, sai don ke ba yarinya ba ce, kuma kin shiga maganar da ƙafarki. Ga abin da nake so ki yi. Ki goge bidiyon a duk inda kika sa shi. Ki sami babanki shi kaɗai, ba a shago ba, ki durƙusa ki ba shi haƙuri da Hausa, ba da Turanci ba. Kada ki kare kanki, kada ki yi masa bayanin waƙar. In ya yi shiru ki bar shi da shirunsa.

Kin ce ba za ki sake jin faifan kowa a cikinsu ba. Wannan kuma ban yarda ba. Kiɗan bai yi laifi ba. In zuciyarki ta ɗan kwanta, ki koma kan Obiora, shi ya san yadda ake rashin mutum alhali yana raye.

Ki sa kakanki a addu'a. Ki gaida mamanki, ki ce na gode da kiran da take yi.

Gwaggonki,
Halimatussa'adiya


Anacha
Ranar Talata

'Yata Ikram,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mamanki da yara. Na san hankalinku yana nan, shi ya sa na zauna rubutu tun kafin in ɗora girki.

Babanki ya iso jiya bayan la'asar. Na ji an ce kin yi abin da na ce, kuma bai amsa miki ba, sai washegari ya miƙo miki wayarsa ya ce ki sa masa abin nan, wato waƙar. Mamanki ta ce ya shiga mota ya rufe gilashi ya daɗe. Allah ya yi miki albarka.

Kada ki ɗauka da murna ya zo. Ko jaka bai riƙo ba, ya ce mini a motar yamma zai koma. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Baba, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙon dattijo. Baba yana fuskantar bango ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa. Da gaisuwa ta ƙare na yunƙura zan fita, Yaya ya ce in zauna.

Sai ya yi tambayar da ya yi mini a waya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Baba, na ji waƙar. Me ya sa ni ban taɓa ji a bakinka ba?”

Na ɗauka ba zai amsa ba. Can sai Baba ya ce, ba da shi ba, da ni, “Sadiya, ki gaya masa sau ɗaya na yi. Ubana bai sake cin abinci a kwano ɗaya da ni ba har ya koma ga Allah. Ki gaya masa ban san wata hanyar ba.”

Ikram, ina zaune tsakaninsu, kowa ya ji da kunnensa, amma sai da na juya na maimaita wa babanki, domin haka Baba yake so.

Na so a ce Baba ya juyo ya kira sunan. Na zauna ina roƙon Allah a zuciyata. Bai kira ba, kuma yanzu na san ba zai kira ba. Babanki ma ya sani. Na ga fuskarsa, ba ta saki ba. Ya daɗe yana kallon kumburarrun ƙafafun nan. Sannan ya tambaye ni ko akwai kunu. Na kawo. Ya matsa bakin gado, ya sa hannu ya tallafo kan Baba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Baba ya rufe ido don kada su haɗa ido, amma ya buɗe baki. Ya sha kusan rabin kofi.

Likita ya zo da safen nan, bai canza abin da ya faɗa ba, ya ce kwanaki ne ko makonni, sai yadda Allah ya so. Tsofaffin layi sun zo gaisuwa, suka tarar da Yaya zaune a ƙasa kusa da gadon, ba wanda ya sake tayar da zancen waƙar. Ban san abin da ke zuciyarsa ba. Ɗazu na same shi a tsakar gida yana wanke kofin, na ce ya kawo in wanke, ya ce in bar shi. Idonsa ja.

Motar yamma ta tafi ba da shi ba, ta safe ma haka. Ya sa na shimfiɗa masa tabarma a ɗakin Baba. Ya ce in gaya wa mamanki ta sa ƙaninta ya kula da shago. Ke kuma ki haɗa masa kayan sawa da maganinsa na hawan jini, ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda. Na tambaye shi kala nawa za a sa. Ya ce ki sa da yawa.

Taki har kullum,
Gwaggo Halimatussa'adiya