Rufaffiyar Tirela Don Motar Maitama

Silver Spring, Maryland
Maris, 1986

Zuwa ga Yaya Talatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙaninki Almu, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja mana kwananki. Mu nan alhamdu lillahi, sanyi ya fara sassautawa, na koma bakin aiki, ƙannen marigayi Maitama ma sun koma makaranta. A takardarki ta ta'aziyya kin tambaye ni halin da matata Hasiya take ciki, na yi ta jan ƙafa wajen ba ki amsa don ban san abin da zan ce ba. Yanzu na samu abin faɗa.

Tun da ciwon sikila ya ɗauke mana ɗanmu Maitama a farkon sanyin nan, Hasiya ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ɗaya ba. Kin san ta da alkunya. Ɗan fari ne, tun ranar suna bakinta bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan. Ni zaman ƙasar nan ya sa na saki, ina kiransa gaban kowa, ita kuwa ta riƙe abinta yadda ta taso da shi a Funtuwa. Matan da suka zo zaman makoki suna ta yaba haƙurinta, amma ni da nake tare da ita na san abin cin ta yake yi daga ciki. Ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa, abinci sai an yi da gaske take taɓawa. Ba ta da aiki sai zama bakin taga tana kallon motarsa a filin ajiye motoci. Wallahi Yaya, tsoro ya kama ni kada in rasa biyu a shekara ɗaya.

Motar ita ce wadda na taɓa aiko miki da hotonta, kika ce ko ta wasan yara ce. 'Yar mitsitsiya, koriya, kujera biyu, rufin tamfol, in ka zauna ciki kamar a tabarma kake. Tsohuwa ya saya, shi da abokinsa Choji, wani yaron Jos mai hankali, suka kwance injin za su gyara, ajali ya riga su ɗaurawa. To, masu gidan da muke haya suka ce a kawar da motar da ba ta tashi. Choji kuma ya samu aiki a Ohio, ya roƙe ni in ba shi motar ya ƙarasa abin da suka fara. Na shawarci Hasiya tunda tana da haƙƙi a ciki, ta ce duk yadda na gani, ko juyowa ba ta yi ba.

Sai neman abin da za a ɗauke ta da shi. Tirela ake ce masa, amma ba irin manyan da kike gani a hanyar Legas ba, ƙarama ce da ake maƙala wa bayan mota a ja. Kin san halina, tun ina yaro kike ce mini sarkin awo, haka na ɗauki tef na tafi wurin masu bayar da haya a wajen Wheaton. Baturen wurin, Gregory, ya nuna mini buɗaɗɗiya, ya ce ta fi sauƙin ja. Na ce masa rufaffiya nake so, saboda gishirin da suke watsa wa titi don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe, ga rufin motar a yage. Muka zaga. Wata tirelar, ƙofar bayanta ta cika tsayuwa idan an sauke ta, cikin motar zai gogi ƙasa wajen hawa. Wata ta yi ƙunci, in an shigar da motar ba hanyar buɗe mata ƙofa. Daga ƙarshe na ɗauki mai taya huɗu da birkinta, da zobban ƙarfe a ƙasa na ɗaure tayoyi, da 'yar ƙofa a gefe. Gregory ya yi dariya, ya ce ko motar sarki zan ɗauka. Maganar gishirin gaskiya ce, amma ainihin dalilina shi ne kada Hasiya ta ga motar ɗanta a fili ana jan ta ana fita da ita daga unguwa.

Ranar Asabar da hantsi Choji ya zo da babbar motar wani abokin aikinsa, muka sauke ƙofar tirela. Da ma na roƙi wata maƙwabciyarmu ta ɗauke wa Hasiya hankali da hira. Muna shawarar wanda zai riƙe sitiyari, tunda tura ta za a yi, sai ga ta ta sauko da mayafinta da silifas a cikin wannan sanyi. Ta ce mu biyu mu tura, ita za ta riƙe. Ta zauna a kujerar da yake zama, ƙafarta ko kaiwa birki ba ta yi, don yadda ya ja kujerar baya haka take. Muka tura a hankali har motar ta shige. Na buɗe mata ƙofar gefe don ta fito, ta ce in rufe, in rufe ta bayan ma, ta ɗan zauna.

Muka rufe, muka tsaya a waje ni da Choji. Yaya, duk awon da na yi, ban tambayi ko bangon tirelar yana riƙe murya ba. Ashe kwano ne marar kauri. Can sai na ji ta kira shi. Ba ma Maitama ta ce ba, sunansa na yanka ta kama, Yusufu, ta sake, ta sake, tana tambayarsa wa ya bar wa ita. Wani irin kuka ne da ban taɓa jin ya fito daga bakin ɗan'adam ba. Choji ya cire hularsa, hawaye na zuba, na kama hannunsa muka koma can ƙarshen filin don kada mu ci gaba da jin abin da ba namu ba. A nan ni ma nawa ya ƙwace mini.

Da ta fito fuskarta a goge take tsaf. Ta sa wa Choji albarka, ta ce ya tuƙa a hankali, ta tsaya har ya sha kwana. Da yamma ta ci tuwo kaɗan ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Ban ce ta warke ba, ni ma ban warke ba, amma na fara sa rai. Abu ɗaya nake roƙonki. Ita a saninta ba wanda ya ji ta. Idan Allah ya kawo mu gida kika ji tana cewa yaron nan, ki amsa mata a haka, kada ko a fuska ki nuna kin sani. Ke kaɗai na gaya wa, don ya fi ƙarfin in riƙe shi ni ɗaya.

Ki gaida Malam, da Kawu Ɗanlami, da Gwaggo Atine, da Lantana da maigidanta, da duk wanda ya tako ya yi muku gaisuwa. Ku ci gaba da sa Yusufu a addu'a, ku haɗa da uwarsa.

Ƙaninki mai kewarki,
Almu