Ganyen da Inna Ta Aiko

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba? Ya Inna da yara? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya ƙaurace min.

Na tatse ruwan ganyen da Inna ke wanke wa Baba gyambonsa da shi, na ɗiga a farantin ƙwayoyin cuta a ɗakin gwajinmu. In magani na ci, sukan mutu kewaye da ɗigon. Yaya, ko gezau ba su yi ba, har kansa suka haye.

Don Allah ka kai shi asibiti gobe, tun ba a fara zancen yanke ƙafa ba. Allah ya ba shi lafiya.

Inna kuwa, ce mata saƙo ya iso, na gode.

Ƙanwarka