Zaren da Iya Ta Ɗinka

Zuwa ga Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Iya. Ni ma ƙalau nake, sai kewa.

Shagon ɗinkin inuwa na nan ya fi namu girma, amma ba a hira. Mutum ya shigo da inuwarsa a yage, ya tsaya bakin taga, mu ɗinke, ya tafi. Ba mai tambayar ina ta yage. Ɗakina yana sama, gado ɗaya, kofi ɗaya.

Zaren nan yana nan, wanda Iya ta haɗa inuwata da taka da shi ranar da ta tsince mu a tasha, ta ce tunda ba mu da dangi ita za ta ɗinka mana. Har yanzu in ka yi tuntuɓe ina ji a dunduniyata. Kwanan nan abin ya yi yawa, malam. Tsayin naka ne ya hana ka ganin ƙasa?

Taka,
Auta

Dogo,

Ina gaisuwa. Yaya jikin? Kada ka ce min lafiya.

Jiya da la'asar mai shagon ta tsaya tana kallon inuwata, ta ce ta fi ƙarfin jikina. Wai zare in ya yi nisa ja yake yi, inuwar wani ta riƙa tsiyayowa cikin ta wani. Ashe ni nake cinye taka, shi ya sa kake ta tuntuɓe, ina nan ina yi maka tsiya. Kai kuwa ka sani, amma ka ɓoye wa Iya, don kada ta yanke zaren a bar ni ni kaɗai. Na ce zan kamo hanya. Mai shagon ta ce, "Kafin ki isa tasa ta ƙare. Ga almakashi."

Ban karɓa ba. Tsoro nake ji.

Auta

Dogo,

Ina gaishe ka, ka gaishe min da Iya. Allah ya ƙara sauƙi.

Na yanke. Da hannuna, a bakin taga, na ga abin da yake naka ya zame ta ƙarƙashin ƙofa ya nufi gida. Na daɗe a tsaye ina sauraron dunduniyata. Shiru.

Ban taɓa ce maka ina sonka ba, na ɗauka zaren yana kai saƙo. Yanzu babu shi, to ga shi na rubuta.

Ban san ko ka tashi ba, ban san komai ba. Ka rubuto. In ka yi tuntuɓe, ka faɗa min.

Taka har yanzu,
Auta