Ashe Ba Mantuwa Ba Ce

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da yara. Yaya tarin ƙaramin?

Akwai abin da na ɓoye miki wata biyu. Nakan kulle ɗaki in tafi shago, in dawo in tarar da taga a buɗe, ko fitilar banɗaki a kunne. Ran Talata kujerar mahaifiyarki, wadda ban taɓa gusar da ita ba tun rasuwarta, na same ta jingine da bango. Ko allura ba ta ɓata ba, don haka ba ɓarawo ba ne. Kin san yadda kakanki ya fara, da mantuwar ƙananan abubuwa, har ya kai yana tambayata ni ɗan wane ne. Shekara talatin ina gyaran agogo, amma jiya na kwance agogon wani na kasa ɗaurewa saboda tunani. Kada ki gaya wa yayyenki tukuna.

Ki gaida kowa.
Babanki.

Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarki ta iso, na ga alamar kin yi kuka. Share hawayenki, kan babanki lafiya lau.

Shekaranjiya zazzaɓi ya hana ni fita. Da hantsi ina kwance sai na ji makulli yana juyawa a ƙofa. Mai gidan da nake haya ne, da wasu mutum biyu, yana nuna musu tagogi kamar babu kowa a ciki. Ashe sayar da gidan zai yi, kuma wata biyu ke nan yana kawo masu saye idan na fita. Da ya gan ni a gado sai ya daskare. Ni kuwa dariya ta kama ni har da hawaye, baƙin suka ɗauka zazzaɓin ne ya hau kaina.

Da baƙin suka fita na ɗauko takardar haya na karanta wa mai gidan: sai ya sanar da ni kwana guda kafin ya shigo, in ba gobara ko fashewar famfo ba. Ya ce ai gidansa ne. Na ce ginin nasa ne, amma sirrin ciki nawa ne muddin ina haya. Da na gaya masa abin da na zaci ya same ni, ya sunkuyar da kai, ya ba ni haƙuri, ya ajiye makullin a tebur. Na mayar masa saboda ranar da zan faɗi ba kowa kusa, da sharaɗin ya riƙa ƙwanƙwasawa.

Wataƙila in tashi idan an sayar. Wannan bai hana ni barci ba, ɗaki ana samun wani. Ki fasa tahowa sai hutun yara. Amma likitan da kika ce in gani, zan je, don ɗazu na yi rabin awa ina neman tabarau alhali yana rataye a wuyana, wannan kuwa ba zan ɗora wa mai gida ba.

Allah Ya yi muku albarka.
Babanki.