Kifin Da Ba Ya Cin Abinci Shi Kaɗai

Zuwa ga Gwaggo mai filin shawarwari,

Gwaggo, a agaza! A ture duk wasiƙun da ke kan tebur a fara da tawa, domin ba kullum mutum irina yake neman shawara ba. Ni ne Babban Darakta kuma Shugaban Shugabanni na wani katafaren kamfanin kai saƙonni, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kada 'yan jarida su cika min ƙofa. Ofishina yana can bene na ƙarshe, inda ko shaho sai ya yada zango kafin ya iso. Kujerata juyawa take yi. Shayina ma wani ne yake hura min. Amma yau ga ni a gabanki, hula a hannu, saboda wani kifi da bai fi tsawon yatsana ba.

Matsalar ba tawa ba ce, Allah ya kiyaye. Ta wani matashi ce cikin masu kai min saƙo a babur. Kyakkyawa ne, dogo, in ya yi murmushi sai ki ce gonar auduga. Allo kawai ya yi, boko a waya ya tsince shi, amma ga kai kamar me. Aibinsa ɗaya, tsokana. Shi ne ya mayar wa Yayansa ƙarar waya kukan akuya ranar da zai shiga taro a wurin aiki. Shi ne ya cika gwangwanin sukari da gishiri ranar da ƙawayen matar Yayan suka zo shan shayi. A gida Shaƙiyyi ake ce masa, har ya fara mance sunansa na yanka.

Ran nan wani mutum ya miƙa masa leda ɗaure cike da ruwa, ga ɗan kifi ja mai ruwan zinare yana yawo a ciki, wutsiya baza-baza kamar gyale, da ɗan gwangwanin abincinsa. Ya ce a kai wa abokinsa, shi tashi yake yi daga unguwar. Aka je gidan abokin, ya leƙo ta taga ya ce kyanwoyi gare shi har da mai jego, in ba liyafa ake son yi musu ba a koma da shi. Aka kira mai kifi, ya ce motar kayansa ta riga ta ɗauki hanya, ya bar wa yaron duniya da lahira. Haka Shaƙiyyi ya tashi da kifi, bai saya ba, bai roƙa ba, bai ma san ta ina ake shafa shi ba.

Mai hankali zai nemi wanda ya sani. Shi kuwa da ya koma gida sai ya hango kabad ɗin matar Yaya, inda take ajiye wani babban kwanon gilashi mai zanen furanni, wanda ko baƙi ba a zuba wa abinci a ciki, kallonsa kawai ake yi. Ya juye kifin a ciki, ya rufe da faranti, ya ɗora a tebur, ya ce mata maƙwabta sun aiko da ɗanɗano. Gwaggo, tana ɗaga farantin nan kifi ya buɗe mata baki, ita ma ta buɗe masa nata! Ihun da ta kurma sai da mai gyaran takalmi na bakin titi ya faɗo gidan riƙe da guduma. Ta bi ni da ludayi, wato ta bi shi, yaron, har bayan tankin ruwa, tana rantsuwa yau sai ta raba shi da kunne ɗaya.

To a nan labari ya juya. A gidan akwai kakarsa. Tun da mijinta ya rasu Kaka ta shige ɗaki ta saki labule. Tsohuwar da in ta fara yi wa jika tsiya sai an haɗa ta da Allah, ta koma ba um ba um-um. Abinci a kai a ɗauko yadda aka kai shi. Zobenta har ya fara zamewa daga yatsa. An yi lallashi, an je asibiti, likita ya ce ba ciwo, ci kawai take buƙata. Ihun nan ne ya fito da ita tana dafa bango. Ta leƙa kwanon, kifi ya yi mata wani juyi yana kaɗa wutsiya, sai ga Kaka tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce daga yau ta saki Shaƙiyyi, wannan mijin banza mai warin fetur, ta yi sabon miji mai jar riga. Nan take ta raɗa masa suna Ango, ta sa aka kai kwanon ɗakinta. Matar Yaya ta buɗe baki za ta yi maganar kwanonta, Yaya ya taka mata ƙafa.

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma bakin nan nasa ba ya zama wuri ɗaya. Ya gyara murya ya shaida wa Kaka wai irin wannan kifi ɗan manyan gida ne, ba ya cin abinci shi kaɗai, sai ya ga wani yana ci a gabansa, in ba haka ba ya ƙi ci har zuciya ta kashe shi. Wallahi Gwaggo tsokana ce kawai, so nake, so yake ya ji me za ta ce. Kaka ta ce a kawo mata faranti. Ta kai loma ɗaya, ta barbaɗa wa Ango 'yan ƙwayoyi, Ango ya yi wuf ya haɗiye. Ta ƙara, ya ƙara. Kafin ƙiftawa da bismilla faranti ya zama kamar an wanke.

Tun daga ranar, loma ɗaya tata, barbaɗe ɗaya nasa. Safe, rana, yamma, har da shayin la'asar. Da gwangwanin ya ƙare ta koma marmasa masa burodi da biskit, ran nan ma shinkafa na gani da ɗan romo a kai, wai ai ba a ba miji gaya. Kumatun Kaka sun dawo, tsiya ta dawo, har aike take yi a tambayi matar Yaya ko tukunyar ce ta gudu, Ango na jira. Ita kuma matar Yaya, don kada kwanonta ya yi ƙarni, kullum da safe sai ta kwashe kifin a kofi, ta dirje kwanon da soso da sabulu, ta cika shi da sabon ruwa daga famfo, ta ajiye shi bakin taga don ya yi ƙyalli a rana.

Yanzu ga inda ake. Ango ya kumbura ya zama ƙwallo mai wutsiya. Iyo yake a karkace, kamar babur da aka ɗaura wa firji a gefe ɗaya. Yana tasowa saman ruwa yana haki, ruwan kuma kafin azahar ya yi fari-fari. Jiya ya ƙi ko kallon burodi, sai Kaka ta ture farantinta, ta ce in mai gida ya yi fushi ita wace ce da za ta ci. Na je na sami Yaya na ce masa ƙarya na shirga, kuma ina jin ƙoshi ne zai kashe kifin nan. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in je in nemi wanda bai san ni ba. Matar Yaya ta ce sabuwar dabarar cinye biskit ɗin Kaka ce na ɓullo da ita. Na yi tunanin in nemo wani kifin in musanya a ɓoye, amma Ango yana da ɗigon baƙi a gindin wutsiya, kuma Kaka, wadda ba ta iya zura zare a allura, ta san ɗigon nan kamar yunwar cikinta. In na rage masa abinci ta rage nata. In na bar shi ya mutu ta koma bayan labule. In na faɗa mata gaskiya, wa ya sani? Ga kuma karatun Malam yana min yawo a ka, na matar da ta tsare kyanwa har ta mutu. Ita da yunwa ta kashe tata, ni da ƙoshi zan kashe nawa, ban sani ba ko hukuncin ɗaya ne.

Na lura tun ɗazu na daina cewa "shi". To shi ke nan, asiri ya tonu. Gwaggo, babu Darakta, babu bene, kujerar da nake kai ma bokiti ne na kife a bayan rumfar mai faci. Ni ne Shaƙiyyin. Babur ɗin na Yaya ne, tsawon kuma na ɗan ƙara masa gishiri. Amma kifin gaskiya ne, Kaka gaskiya ce, tsoron da nake ji ma gaskiya ne. Na sa rigar manya ne don kada wasiƙar ta faɗa kwandon shara.

Naki,
Tsohon mijin Kaka, wanda aka saka saboda kifi

Amsa

Ɗana,

Ranka ya daɗe, Darakta. Tun daga gonar auduga na gane ka, don ban taɓa ganin shugaban da ya san haƙoran ma'aikacinsa haka ba. Na yi dariya har abokan aiki suka leƙo, amma damuwarka ba ta wasa ba ce, kuma ko a kan bokitinka ka zo da na amsa maka.

Mu fara da Ango, don shi ne a bakin gaɓa. Ka yi gaskiya, ci ya yi masa yawa. Irin kifin nan bai san ƙoshi ba, ko yaushe aka zuba zai haɗiye. A hutar da shi kwana biyu ko uku babu abinci, ba abin da zai same shi. Bayan nan a koma abincin kifi na ainihi, ɗan abin da yatsu biyu suka tsinka, sau ɗaya a rana. Burodi da biskit da romo su suke kumbura shi, su suke ɓata ruwan. Sabulu guba ne a gare shi, ruwan famfo da aka tara yanzu-yanzu ma yana da maganin da ke ƙona masa wurin numfashi. A tari ruwan a bokiti ya kwana a buɗe, ko ka nemi maganin ɗigawa a ruwan wajen masu sayar da kifin ado. Kada a sauya ruwan gaba ɗaya, a riƙa ɗebe kashi ɗaya cikin uku ana mayar da wanda ya kwana. A ɗauke shi daga rana. Kwanon nan kuma ya yi masa kaɗan. Kafin a samu akwatin gilashi da ɗan injin hura iska, sabon baho mai faɗin baki da bai taɓa ganin sabulu ba ya wadatar. Ka wanke wa matar Yayanka kwanonta da hannunka, ka mayar mata, ka ba ta haƙuri. Tana da gaskiyarta, kayanta ka ɗauka ba ka tambaya ba, tsabta kuma take yi iya saninta.

Kada ka ga laifin Yayanka, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kai shi wajen mai sayar da kifi ya ji da kunnensa. Batun musanya kifi kuwa ka cire shi a ranka, ƙarya a kan ƙarya ce, kuma ranar da ta gane sai ta fi jin ciwo.

Ƙaryarka ta yi amfani, ba zan ɓoye maka ba, ta tashi tsohuwa daga kwance. Amma ta ɗaure cin Kaka a wutsiyar kifi, kifi kuwa ko an bi duk abin da na faɗa yana iya mutuwa. Don haka a kwance ɗaurin tun yana numfashi. Ka duba da kyau, ɗana. Matar da ta yi shekara da shekaru tana zuba wa wani abinci tana jin ƙarar cokalinsa, rana ɗaya aka koma ajiye mata tire a ja mata ƙofa. A gidanku akwai wanda ba ya iya ci shi kaɗai, amma ba kifin ba ne. Ban ma cire ran cewa ta daɗe da gano ka ba, tsohuwar da ta raini ubanka ba ka isa ka yi mata wayo ba.

Ka je da kanka ka faɗa mata gaskiya, cikin wasan da kuka saba, ka tsaya ta zage ka son ranta. Ka damƙa mata jinyar Ango, ita kaɗai za ta riƙa ba shi ɗan abincin nan na safe, ita za ta kori duk mai zuwa da burodi. Amma kada ka shiga ɗakin hannu rabbana. Shiga da faranti biyu, ka zauna a gabanta, ka ce auren kome ka zo yi tunda sabon mijin yana jinya. Ranar da aiki ya riƙe ka, Yayanka ko matarsa su zauna a gurbinka. In duk da haka cin ya ja baya, a koma wajen likita ba tare da jinkiri ba.

Allah ya ba Ango lafiya, ya ƙara wa Kaka kumatu da tsawon rai, kai kuma ya sa ta karɓi bikonka.

Gwaggo