Baturen da Hajiya ta naɗe a zane

Yaya Sani, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali? Mu nan garin Laurel lafiya lau.

Maƙwabcina da zai yi tafiya ya ba ni ajiyar hoton wani Baturen Holan, wanda aka buga a takarda da farantin tagulla, mai shekara ɗari uku, baƙin tawadarsa kamar karammiski. Na jingine shi a ɗakin Hajiyarmu. Ranar dawowar maƙwabcin na nemi hoton na rasa, sai na tambayi Hajiya.

Hajiya ta ce, "Mai gashin nan? Ta alƙibla ka ajiye min shi! Yana ƙarƙashin gado, cikin zanena."

Alhamdu lillahi, ko ƙwarzane babu, sai ƙanshin turaren wuta.

A gaida kowa. Ku taya ni addu'a, kada in sake karɓar amanar da ta girmi kakan kakanmu.

Ƙaninka, Bashir